DUKE KAHANAMOKU (1890-1968): GWANIN RUWA NA TSIBIRAN HAWAI

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Sara ko Birnin Kudu ko Gwaram ya san ruwa ta fuskar rafi da kududdufi da kogin da kan cika ya batse da damina. Ya kuma san cewa akwai gidajen da suka gaji su da fito, waɗanda akan nema da gaggawa idan ruwa ya ci mutum. Sai dai a idon jama'a da yawa, wannan sani na ruwa ƙaramar sana'a ce wadda ba ta kai a kira ta ilimi ba. Wannan babi zai kawo tarihin wani mutum da ya gaji irin wannan sani a wata ƙasa mai nisa, a lokacin da ake yi masa kallon raini, ya riƙe shi har ya zama hanyar abincin dubban mutane da kuma hanyar ceton rayuka. Sunansa Duke Kahanamoku, mutumin tsibiran Hawai. Masana tarihin wasanni suna ɗaukar sa a matsayin uban wasan hawan igiyar teku na zamani, kuma yana cikin na farko-farkon waɗanda suka riƙa shiga da baƙi cikin teku suna koya musu iyo da tuƙin kwale-kwale.

2.0 Ƙasarsa da Zamaninsa

Hawai tarin tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik, kimanin kilomita 3,800 daga gaɓar Kalifoniya ta Amurka. Manya daga cikinsu guda takwas ne, kuma babban birnin, wato Honolulu, yana kan tsibirin Oahu. Kakannin mutanen Hawai sun iso wurin ne cikin kwale-kwale, suna bin taurari da iska. Saboda haka rayuwarsu duka a kan ruwa ta ginu. Daga cikin al'adunsu akwai wani wasa da suke kira he'e nalu, wato sululu a kan igiyar ruwa. Yadda ake yin sa shi ne, mutum ya kwanta rub da ciki a kan wani dogon allo na katako, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya yi nisa da gaɓa, sannan ya jira igiya. Idan ta taso sai ya juya allon ya fuskanci tudu, igiyar ta ɗauke shi, shi kuma ya miƙe tsaye a kai tana gudu da shi. Maza da mata, sarakuna da talakawa, duk suna yin sa, illa dai alluna mafi tsawo na sarakuna ne.

Baturen Ingila Kyaftin James Cook ya iso tsibiran a 1778. A 1810 Sarki Kamehameha na Ɗaya ya haɗe su ƙarƙashin sarauta guda, kuma a 1820 'yan mishan daga Amurka suka fara zuwa. Cututtukan da baƙi suka shigo da su sun yi wa 'yan ƙasa mummunar ɓarna, ta yadda a ƙidayar 1890 ba su wuce kimanin 40,000 ba. Ga shi kuma masu wa'azi suna ganin wasan teku a matsayin shiririta da ɓata lokaci, aikin gonakin rake kuma ya cinye ƙarfin jama'a. Da haka hawan igiya ya ja baya ƙwarai, ya rage sai 'yan tsirarun mutane ke yin sa a wurare kamar gaɓar Waikiki.

3.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Duke Paoa Kahanamoku a Honolulu ranar 24 ga Agusta, 1890. Kalmar Duke a Ingilishi sarauta ce, amma shi a wurinsa sunan yanka ne da ya gada daga mahaifinsa. An raɗa wa mahaifin wannan suna ne don tunawa da ziyarar da wani ɗan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, mai riƙe da wannan sarauta, ya kawo Hawai a 1869, kamar dai yadda Bahaushe kan sa wa yaro sunan babban baƙon da ya zo gari a lokacin haihuwarsa. Mahaifin nasa ɗan sanda ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Julia Paoa. Duke shi ne babba, yana da ƙanne maza biyar da mata uku.

A 1893 iyalin suka koma unguwar Kalia da ke Waikiki, kusa da dangin mahaifiyarsa. A wannan shekara ce kuma wasu attajiran Turawa, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani. A 1896 aka yi dokar da ta mai da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, sannan a 1898 Amurka ta haɗe tsibiran da ƙasarta. Ke nan Duke bai kai shekara tara ba ƙasarsa ta rasa sarautarta, harshensa kuma ya rasa gurbinsa a aji.

Ya yi karatu a makarantar Waikiki da ta Ka'ahumanu, sannan ya shiga makarantar Kamehameha, amma bai kammala ba, domin ya fita neman abin da zai tallafa wa gida. Makarantarsa ta haƙiƙa ita ce teku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinsa da kawunnansa gwanayen ruwa ne, a wurinsu ya koyi iyo da nutso da tuƙin kwale-kwale. Allon da ya yi suna da shi an sassaƙa shi ne daga itacen koa, tsawonsa ƙafa 16, nauyinsa kuma ya kai kilo 52. Ɗaukar irin wannan allo daga gida zuwa bakin ruwa kullum ma kaɗai ya isa ya gina jikin saurayi.

4.0 Fitowarsa a Fagen Iyo

A 1908 aka kafa wata ƙungiyar wasannin teku a Waikiki mai suna Outrigger Canoe Club, wadda akasarin 'ya'yanta Turawa ne. Duke da abokansa sai suka kafa tasu mai suna Hui Nalu, wato ƙungiyar igiyar ruwa, wadda ta tsaya da ƙafafunta sosai a 1911.

Ranar 11 ga Agusta, 1911, aka shirya gasar iyo a tashar jiragen ruwa ta Honolulu. Duke ya ninƙayi yadi 100 cikin sakan 55.4, wato ya rage sakan 4.6 daga bajintar da aka sani a irin wannan tsere na buɗaɗɗen ruwa a lokacin. Da aka aika da sakamakon ga hukumar wasannin Amurka sai ta ƙi amincewa. Jami'anta suka ce ko dai agogon alƙalan gasar ba su da kyau, ko ba a auna filin daidai ba, ko kuwa ruwa ne ya tura shi. Abin da ya yi musu wuyar haɗiya shi ne a ce wani saurayi ɗan tsibiri, wanda bai taɓa samun mai horarwa ba, ya fi zakarunsu.

Mutanen Hawai suka yi karo-karo suka tura shi Amurka a 1912 don ya nuna kansa. Farkon shigarsa tafkin gini bai zo masa da sauƙi ba, domin bai saba da ruwa mara gishiri ba, bai kuma iya juyawa a jikin bango ba. Wani malamin iyo na Jami'ar Fensilbeniya, George Kistler, shi ya gyara masa numfashi da juyi, amma bai taɓa salon bugun ƙafarsa ba, wanda ya zo da shi daga Waikiki, wanda kuma daga baya masu iyo da yawa suka kwaikwaya.

A gasar Olamfik ta 1912 a Istokholm ta ƙasar Suwidin, wani kuskure ya sa 'yan wasan Amurka ba su halarci zagayen kusa da na ƙarshe ba, har ana shirin fitar da su. Wani ɗan Ostareliya mai suna Cecil Healy, wanda shi ne zai fi kowa cin moriyar fitar da Duke, ya tsaya kai da fata sai an ba su dama. Aka ba su, Duke ya ci zinariya a tseren mita 100, Healy ya zo na biyu. Duke ya ƙara da azurfa a tseren 'yan huɗu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana gasar 1916, a daidai lokacin da yake kan ganiyarsa. A 1920 a birnin Antwerp na Beljiyam ya ci zinariya biyu yana da shekara 30. A 1924 a Faris ya zo na biyu bayan Johnny Weissmuller, ƙaninsa Samuel Kahanamoku kuma ya zo na uku. Jimillar lambobinsa na Olamfik biyar ne: zinariya uku, azurfa biyu.

5.0 Yaɗa Hawan Igiyar Teku

Sunan da ya yi a iyo ya sa ƙasashe suka riƙa gayyatar sa, shi kuma duk inda ya ga teku mai igiya sai ya nuna musu wasan kakanninsa. Kafin shi, wani ɗan Hawai mai suna George Freeth ya riga ya kai wasan Kalifoniya a 1907, amma ficen Duke ne ya jawo hankalin jaridu da taron jama'a. A watan Disamba na 1914, a gaɓar Freshwater kusa da birnin Sidni na Ostareliya, ya sassaƙa allo da hannunsa daga katakon da ya samu a can, ya hau igiya a gaban 'yan kallo. Da zai tafi ya bar wa wani yaro mai suna Claude West allon, yaron kuma ya zama zakaran ƙasar a wannan wasa. Allon yana nan ajiye a ƙungiyar masu ceto ta Freshwater. A 1915 ya yi irin wannan nuni a Niyu Zilan.

Ya kamata ɗalibi ya sani cewa hawan igiya bai taƙaita ga mutanen Fasifik ba. Matafiya Turawa sun rubuta tun ƙarni na 17 cewa sun ga yara a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau suna wasa da igiyar teku a kan guntayen katako. Bambancin shi ne, na Hawai ya sami wanda ya ɗauke shi ya zagaya duniya da shi.

6.0 Sana'ar Jagorancin Baƙi a Teku

A 1901 aka buɗe otal ɗin Moana a Waikiki, a 1927 kuma aka buɗe Royal Hawaiian. Manyan jiragen ruwa suka riƙa sauke masu yawon buɗe ido daga Amurka, waɗanda ke sha'awar teku amma ba su san halinta ba. A nan ne wata sabuwar sana'a ta tsiro a hannun samarin Hui Nalu, ciki har da Duke da ƙannensa, waɗanda aka riƙa kira samarin gaɓa.

Aikinsu iri-iri ne. Sukan ɗauki baƙi a kwale-kwalen gargajiya, wanda ake ɗaura wa wani gungume a gefe ɗaya don kada ya kife. Baƙin su ke tuƙi da filafilai, amma gwani yana zaune a baya yana riƙe da akalar jirgin, shi ke zaɓen igiyar da za a bi da lokacin da za a ƙara ƙarfi. Sukan kuma koya wa baƙo hawan allo, ko su ɗora shi a gaban nasu allon su hau tare. Aiki mafi nauyi kuwa shi ne tsaro, domin wajibi ne jagora ya san inda duwatsun murjani suke a ƙarƙashin ruwa, da inda ruwa ke janye mutum zuwa zurfi, da alamun sauyin iska. Daga cikin manyan baƙin da suka shiga ruwa a hannun Duke har da Yariman Ingila mai jiran gado, wanda ya ziyarci Waikiki a 1920, wanda kuma daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas.

Mutanen Hawai suna da kalmar aloha, wadda ta ƙunshi gaisuwa da ƙauna da karamci. Ma'anarta ta yi kusa da abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Da wannan hali aka san Duke: mutum ne mai kawaici, mara yawan magana, mai sakin fuska ga babba da yaro.

Sana'ar da suka assasa ita ce ta bunƙasa ta zama kamfanonin da a yau ke fita da baƙi tuƙi da hawan igiya da kallon kifaye, inda mutum kan sa tabarau na ruwa, ya kama bututun numfashi a baki, ya kwanta a saman ruwa yana kallon abin da ke ƙasa. A 2019 baƙin da suka ziyarci Hawai sun haura miliyan 10. Yawan ya zo da nasa illoli, domin tattakin ƙafafu yana kashe murjani. Shi ya sa aka keɓe mashigin Hanauma a matsayin wurin kare halittun ruwa tun 1967, kuma daga 2002 aka wajabta wa baƙo ya kalli wani gajeren fim na faɗakarwa kafin ya shiga.

7.0 Ceton Rayuka a 1925

Ranar 14 ga Yuni, 1925, Duke yana gaɓar Corona del Mar a Kalifoniya tare da abokansa, sai igiya ta kifar da wani jirgin masunta mai suna Thelma a bakin mashigi, da mutum 17 a ciki. Ruwan ya yi haukan da kwale-kwalen ceto ba zai iya shiga ba. Duke ya ɗauki allonsa ya faɗa, ya riƙa ɗoro mutane a kai yana kawo su tudu yana komawa. Shi kaɗai ya fitar da mutum takwas, abokansa suka fitar da huɗu, biyar suka rasu. Wannan al'amari ya nuna wa hukumomi cewa allon da ake ɗauka kayan wasa ne ya fi iyo da hannu sauri, ya kuma fi kwale-kwale iya ratsa igiya. Daga nan masu aikin ceto a gaɓoɓin Amurka suka fara amfani da shi, kuma har yau allon ceto yana cikin kayan aikinsu a ƙasashe da dama.

8.0 Ɗaukaka da Ƙuncin Rayuwa

Duk da wannan suna, Duke bai tara dukiya ba. Dokar wasanni ta wancan zamani ta hana ɗan Olamfik karɓar kuɗi a kan wasansa, don haka a shekarun ƙarfinsa ya rayu ne a kan ƙananan ayyuka. A tafiye-tafiyensa cikin Amurka ya sha fuskantar wariya saboda duhun fatarsa. Ya shafe shekaru a Holiwud yana fitowa a finafinai, amma ba a taɓa ba shi matsayin jarumi ba, sai dai sarkin ƙauye ko ɗan fashin teku da makamantansu, alhali Weissmuller, abokin karawarsa kuma amininsa, ya zama tauraro a finafinan Tarzan tun daga 1932. Da ya koma gida ya yi sana'ar sayar da man fetur a Honolulu. Hotonsa yana jawo wa otal-otal da kamfanonin jiragen ruwa ciniki, shi kuwa yana zuba wa motocin mutane mai.

A 1934 jama'a suka zaɓe shi Sherif na Honolulu, wato jami'in da ke kula da gidan yari da isar da umarnin kotu. An zaɓe shi sau 13 a jere. Saboda wannan muƙami ne sunansa ya shiga wata shahararriyar shari'a ta Kotun Ƙolin Amurka a 1946, wadda ta yanke cewa gurfanar da farar hula a kotunan soja, kamar yadda aka yi a Hawai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya saɓa wa doka. Ya auri Nadine Alexander ranar 2 ga Agusta, 1940, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka a 1959, an soke muƙamin nasa, aka naɗa shi jakadan aloha, mai tarbar manyan baƙi a madadin jiha.

9.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Duke ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 22 ga Janairu, 1968, a Honolulu, yana da shekara 77. Bisa al'adar abokan sana'arsa, an ƙone gawarsa, aka fita da tokar cikin jerin kwale-kwale aka zuba a tekun Waikiki, dubban mutane suna tsaye a gaɓa. A 1990 aka kafa mutum-mutuminsa a Waikiki don cikarsa shekara 100 da haihuwa, a 2002 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa. Burinsa na ganin hawan igiya a Olamfik ya cika a gasar Tokyo da aka yi a 2021, inda Carissa Moore, haifaffiyar Honolulu, ta ci zinariyar farko ta mata.

Harshen Hawai bai sami irin wannan gata da wuri ba. Bayan dokar 1896 ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa daga bakin yara. Sai a 1978 aka mai da shi harshen hukuma tare da Ingilishi, a 1984 kuma aka buɗe makarantar yara ta farko da ke koyarwa da shi zalla. Wasa ɗaya daga cikin al'adun al'ummar ya zagaya duniya, alhali harshen da ya raɗa wa wasan suna yana neman masu magana da shi.

10.0 Kammalawa

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da gwanayen ruwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tara baƙi su kalli tseren kwale-kwale da iyo da nutso a kogin Matan Fada, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. A ɗaya gefen kuma, kusan kowace damina akan yi asarar rayuka a koguna da madatsun ruwa, kamar hatsarin kwale-kwalen Bagwai a Jihar Kano a watan Nuwamba na 2021, wanda akasarin waɗanda suka rasu a cikinsa 'yan makarantar Islamiyya ne. Malamin da aka tura ƙauyen da yara ke tsallaka ruwa kafin su zo aji zai tarar da masunta da masu fito waɗanda suka san mashigi da gurbi da lokacin da kogi ke kawo ruwa. Gayyato irin waɗannan mutane su yi wa ɗalibai bayani, da rubuta kalmomin sana'arsu kafin su salwanta, aiki ne da ya hau kan malamin Hausa.

Tambayoyi

1. Bayyana dalilai uku da suka sa wasan hawan igiyar teku ya ja baya a Hawai kafin haihuwar Duke.
2. Me ya sa hukumar wasannin Amurka ta ƙi amincewa da sakamakon gasar 1911?
3. Kwatanta aikin samarin gaɓa na Waikiki da na Sarkin Ruwa ko masu fito a yankinku.
4. Tattauna tasirin dokar 1896 a kan harshen Hawai, tare da kwatanta ta da matsayin Hausa a makarantun firamare.
5. Tattaro kalmomi 20 da suka shafi su ko fito daga bakin masu sana'ar, ka bayyana ma'anar kowace.